Illar Asfaltin ga Dutsen da Ke Ɗauke da Ɗanyen Mai



Abin da za mu yi magana a kansa yau abu ne wanda idon mafi yawanmu bai taɓa gani ba, domin yana faruwa ne can a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kilomita biyu ko uku ko fiye, cikin waɗansu kafofi da suka fi silin gashi ƙanƙanta. Duk da haka nan ya shafi baitulmalin kowace ƙasa mai arzikin man fetur. Masana sun ƙiyasta cewa in aka tara filayen mai na duniya aka yi musu kuɗin goro, abin da ake iya fitarwa bai wuce kamar sulusin man da ke kwance a cikinsu ba. Sauran yakan tabbata a ƙasa, an san yana nan, an kashe kuɗi an haƙa rijiya dominsa, amma ya ƙi fitowa. Dalilan wannan asara suna da yawa. Zan ɗauki guda ɗaya daga cikinsu, watau wani baƙin abu da ake kira asfaltin, in bayyana yadda yake toshe hanyar mai a cikin dutse, da yadda yake sāke halin dutsen kansa.

Dutsen da mai yake kwance a ciki

Mutane da yawa suna tsammanin mai yana taruwa ne a ƙarƙashin ƙasa kamar ruwan tafki. Ba haka al'amarin yake ba. Mai yana cikin jikin dutse ne, kamar yadda ruwa yake shiga jikin tubalin da ya kwana a cikin ruwan sama. Duwatsun da suka fi ɗaukar mai iri biyu ne: dutsen yashi, wanda ƙwayoyin rairayi ne suka manne da juna, da dutsen farar ƙasa, wanda asalinsa ɓawo da ƙasusuwan ƙananan halittun teku ne. Tsakanin ƙwayoyin akwai kafofi, kuma kowace kafa tana haɗe da maƙwabtanta ta wani ƙuntataccen mashigi da za mu kira maƙogwaro.

Halaye uku na dutsen nan ya kamata mu riƙe. Na farko shi ne yawan kafofi, wanda a dutse mai kyau yakan kama daga kashi 10 zuwa kashi 30 cikin 100 na girman dutsen. Wannan shi ke nuna yawan man da dutse zai iya ɗauka. Na biyu shi ne ratsuwa, watau sauƙin da ruwa ko mai yake samu wajen ratsa dutsen. Waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Yumɓu yana da kafofi da yawa, yana shan ruwa ƙwarai, amma ruwa ba ya ratsa shi sai da ƙyar, shi ya sa ake daɓe da shi. Rairayi kuwa da ka zuba masa ruwa sai ya wuce. Wanda ya fara auna ratsuwa wani injiniya ne Bafaranshe mai suna Henry Darcy, wanda ya yi aikin samar wa birnin Dijon ruwan sha, ya buga sakamakon gwajinsa na tace ruwa da yashi a shekarar 1856. Da sunansa ake kiran ma'aunin ratsuwa har yau, watau dasi, kuma ana kasa shi gida dubu a ce milidasi.

Hali na uku shi ne jiƙuwa. In ruwa da mai suka haɗu a kan fuskar dutse, tilas ɗayansu ya shimfiɗu a kanta ya ture ɗayan. Ku dubi sabuwar ƙwarya: in aka ɗiga mata ruwa sai ya baje ya jiƙa ta. Amma ƙwaryar da ta daɗe ana zuba man shanu a ciki, in aka ɗiga mata ruwa sai ya dunƙule ya gangara. Ta farko mai son ruwa ce, ta biyu ta zama mai son mai, alhali kuwa duka ƙwarya ce. Abin da ya bambanta su shi ne ɗan abin da ya shafe fuskarsu. Wannan misali shi ne ginshiƙin rabin maganarmu ta yau.

Mene ne asfaltin?

Ɗanyen mai gauraye ne na dubban sinadarai, daga masu sauƙi irin iskar gas har zuwa masu nauyi irin kwalta. Asfaltin shi ne mafi nauyi a cikinsu. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Boussingault, shi ya raɗa masa suna a shekarar 1837, sa'ad da ya dafa kwalta ya ga wani baƙin saura ya rage wanda ba ya tashi da zafi. Har yanzu ba a bayyana asfaltin da siffar ƙwayarsa, sai da halinsa: shi ne sashen ɗanyen mai wanda yake narkewa a cikin toluwin, amma ba ya narkewa a cikin heftan. In ka zuba heftan mai yawa a kan ɗanyen mai, za ka ga wani baƙin gari ya kwanta a gindin kwalba, in ya bushe ya yi kama da dakakken gawayi. To, shi ke nan.

Mafi yawan jikinsa kabon ne da haidurojin, tare da ɗan farar wuta, da naiturojin, da oksijin, da ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da banadiyam. Waɗannan 'yan baƙi da ke cikinsa su ke ba shi halin mannewa a jikin ma'adinai. An shafe shekaru da yawa ana gardama a kan girman ƙwayarsa. Ra'ayin da ya fi karɓuwa, wanda ya faro daga aikin Teh Fu Yen a shekarun 1960 kuma Oliver Mullins ya gyara shi a 2010, shi ne cewa ƙwaya ɗaya ta fi ƙwayar ruwa nauyi kamar sau arba'in, faɗinta kuwa kamar nanomita ɗaya da rabi ne. Nanomita ɗaya shi ne in aka kasa milimita gida miliyan aka ɗauki ɗaya. Ƙwayoyi kamar shida sukan haɗu su yi ɗan curi, curarrakin kuma su haɗu su yi dunƙule mai faɗin nanomita biyar. A wannan girma ba su da wata illa, suna yawo a cikin mai suna ratsa kowane maƙogwaro, domin maƙogwaron dutsen yashi ya fi su faɗi sau dubbai. Illa tana farawa ne ranar da man ya kasa riƙe su.

A nan ya kamata a rarrabe asfaltin da kakin mai, domin sau da yawa akan rikita su. Kaki yana daskarewa ne in mai ya yi sanyi, in aka ɗumama shi kuwa sai ya narke kamar kyandir. Asfaltin ba ya narkewa da zafi, saboda haka ruwan zafin da zai wanke kaki daga bututu ba zai yi masa kome ba.

Abin da ke raba asfaltin da mai

Babban dalili shi ne raguwar matsi. A cikin taskarsa mai yana ƙarƙashin matsi mai tsanani, kuma akwai gas a narke a cikinsa, kamar yadda iska take a narke cikin kwalbar lemo kafin a buɗe ta. Da an fara ɗiban mai sai matsi ya soma raguwa. Sassan mai masu sauƙi sukan kumbura fiye da masu nauyi, su ƙara cin wuri, su kuwa ba sa jituwa da asfaltin. A hankali sai man ya koma kamar an tsarma shi da heftan. Idan matsi ya sauko zuwa wani mataki, sai dunƙulallun asfaltin su fara kama juna su yi gudaji, kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Abin yana ƙaruwa har matsi ya kai matakin da kumfar gas take fara fita daga mai. Daga nan kuwa sai al'amari ya juya: gas ya fita ya bar man da nauyinsa, man ya sāke samun ƙarfin riƙe asfaltin, har wani sashe na gudajin ya koma ya narke.

Wannan bayani shi ke warware wani abin mamaki. Filin mai na Boskan a ƙasar Benezuwela mansa mai kauri ne ƙwarai, kuma kusan kashi 17 cikin 100 nasa asfaltin ne, amma bai shahara da matsalar toshewa ba. Filin Hassi Mas'ud na Aljeriya kuwa, wanda aka gano a 1956, shekarar da aka sami mai a Oloibiri, mansa tsinkakke ne, asfaltin da ke ciki bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, amma tun farkon aikinsa bututun rijiyoyinsa suka riƙa toshewa, har sai an zura ƙarfe an kankare. Dalili shi ne man Boskan ba shi da gas mai yawa, kuma yana cike da sinadaran da ke jituwa da asfaltin. Man Hassi Mas'ud yana da gas da yawa, matsinsa na asali kuma ya ɗara matakin kumfa da nisa, saboda haka yana da doguwar tafiya a cikin yankin hatsari. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A shekarar 1965 injiniyoyi biyu, Haskett da Tartera, suka ba da rahoton cewa daskarewar tana tsayawa a daidai inda kumfa ta fara fita a cikin bututu, kuma suka rage matsalar ta hanyar sassauta matsin bakin rijiya.

Dalili na biyu aikin hannunmu ne. Domin ƙara yawan man da ake samu, akan tura gas ko iskar kabon dayoksaid cikin taska; tura kabon dayoksaid ɗin an fara yinsa da yawa ne a jihar Texas ta Amurka a 1972. Waɗannan iskoki suna tsinka mai su sa shi gudu, amma suna iya fitar da asfaltin daga cikinsa a tsakiyar taska, inda babu hannun da zai kai. Haka kuma ruwan asid da akan zuba a rijiya don buɗe kafofi, in ya kwaso tsatsar ƙarfe ya haɗu da irin wannan mai, yakan haifar da baƙin taɓo wanda ya fi cutar da aka zo warkarwa.

Yadda ratsuwa take raguwa

Gudajin asfaltin yana cutar da ratsuwa ta hanya uku. Ta farko, yana shafe bangon kafofi ya rage musu faɗi. Kada a raina wannan, domin gudun ruwa a cikin siririn bututu ya danganta ƙwarai da faɗinsa. In faɗin ya ragu da kashi ɗaya cikin goma kawai, gudun zai ragu da kusan sulusi. In ya ragu da rabi, abin da zai wuce kashi ɗaya ne cikin goma sha shida na dā. Ta biyu, gudaji babba yakan zo ya tsaya a maƙogwaro ya rufe shi ɗungum. Ba lalle sai ya kai girman maƙogwaron ba: ƙa'idar da injiniyoyi suke bi ita ce ƙwayoyin da suka kai sulusin faɗin mashigi suna iya cunkushewa su tokare juna, kamar tumaki a ƙofar garke. Ta uku, in gudun mai ya ƙaru yakan ɓamɓare abin da ya manne a bango ya tafi da shi gaba, ya kai shi wani maƙogwaron da ya fi ƙunci. Saboda haka dutse mai ƙananan kafofi, wanda ratsuwarsa dā ma kaɗan ce, shi ya fi shan wahala.

Mafi munin abin shi ne wurin da yake faruwa. Mai yana tahowa ne daga kowace kusurwa yana nufo rijiya, duk man da ya taso daga fili mai faɗi tilas ya bi ta 'yan taku kaɗan da ke kewaye da ita. A nan matsi ya fi raguwa, a nan ne kuma asfaltin ya fi fita. Bari mu yi lissafi da misali. A ce rijiya tana da faɗin santimita 20, tana jawo mai daga nisan mita 300 ta kowane gefe. Lissafi ya nuna rabin dukan faɗuwar matsi tana faruwa ne cikin mita biyar da rabi na kusa da rijiyar. Yanzu a ce asfaltin ya rage ratsuwar dutse zuwa kashi ɗaya cikin biyar, a cikin mita ɗaya tak da ke kewaye da ita, sauran taskar kuwa lafiya lau. Bisa ga ƙa'idar da Hawkins ya tsara a 1956, rijiyar da take ba da ganga 1,000 a rana za ta koma ba da kamar ganga 465. Fiye da rabin abin da take bayarwa ya tafi saboda lalacewar mita ɗaya cikin ɗari uku.

Akwai kuma toshewar da ta riga zuwan ɗan Adam. A waɗansu manyan filaye, kamar wani yanki na Ghawar a Saudiyya da filin Prudhoe Bay a Alaska, an tarar da shimfiɗar kwalta mai yawan asfaltin a gindin man, tsakaninsa da ruwan da ke ƙarƙashi. Wannan shimfiɗa tana hana ruwan ƙasa tura mai sama, kuma wanda bai san da ita ba zai haƙa rijiyoyin tura ruwa a inda ruwan ba zai kai ga mai ba.

Yadda jiƙuwa take sākewa

Mafi yawan duwatsun da ke ɗauke da mai a cikin ruwa aka haife su, kuma ruwan gishiri ne ya fara cika kafofinsu. Daga baya mai ya taso daga inda ya nuna ya shigo, ya kori ruwa daga tsakiyar manyan kafofi, ya bar siririn mayafi na ruwa a jikin bango. Saboda wannan tarihi, masana na farko sun ɗauka kowace taska mai son ruwa ce. A 1934 Nutting ya nuna cewa dutsen yashin Tensleep na jihar Wyoming mai son mai ne. A 1972 kuma Treiber da abokan aikinsa suka gwada mai daga taskoki 55, ta hanyar auna kusurwar da ɗigon ruwa yake yi a kan fuskar ma'adini, suka sami kusan kashi biyu cikin uku sun karkata ga son mai, musamman na dutsen farar ƙasa. An yi gwajin nan a kan gogaggen ma'adini ne, wanda bai yi daidai da bangon kafa sosai ba, amma ya isa ya rushe tsohon zato.

Muddin mayafin ruwan nan yana nan, asfaltin ba zai taɓa dutse ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A inda mai ya matsa da ƙarfi, mayafin yakan yage, asfaltin ya kama jikin dutse. Jill Buckley da Yu Liu sun bayyana hanyoyin kamun a 1998. Fuskar yashi tana da cajin lantarki iri ɗaya, ta farar ƙasa tana da kishiyarsa, kowace kuwa tana jawo sinadaran mai masu kishiyar cajinta. Gishirin kalsiyam da ke cikin ruwa yakan zama gada tsakanin dutse da mai. In kuma man ya kusa kasa riƙe asfaltin ɗinsa, sai ya zube kai tsaye a kan bango, kuma wannan ya fi sāke halin dutse. Mayafin da kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba, wanda ba zai toshe kome ba, ya isa ya mai da sabuwar ƙwarya ta zama ƙwaryar man shanu.

Ina ruwanmu da wannan? Hanyar da aka fi bi wajen ƙoro mai ita ce tura ruwa ta wata rijiya don ya kora shi zuwa wata. A dutse mai son ruwa, ruwan yakan bi bango ya tsotsu cikin ƙananan kafofi kamar yadda kananzir yake hawa lagwani, ya turo mai gaba a jere. A dutse mai son mai kuwa, man yana manne a bango da ƙananan kafofi, ruwan sai ya bi tsakiyar manyan kafofi ya yi wa kansa hanya, ya isa rijiya da wuri ya bar mai a baya. Daga nan kamfani zai riƙa ɗaga ganga da yawa ta ruwan gishiri domin samun ganga ɗaya ta mai, da kuɗin rabawa da na zubarwa. Abin ya fi tsanani a dutsen farar ƙasa mai tsage-tsage, inda ruwa yake bin tsaga, kuma in dutsen bai tsotse shi ba man da ke ciki ba zai motsa ba.

Amma gaskiya ta tilasta a faɗi ɗaya gefen. Dutse mai tsananin son ruwa shi ma yana da nasa aibi, domin ruwan da ke bin bango yakan datse mai a maƙogwaro ya bar shi ɗigo-ɗigo a tsare cikin manyan kafofi. A 1973 Salathiel ya nuna cewa taskoki da yawa masu gaurayen hali ne: manyan kafofi suna son mai, ƙanana da lunguna suna son ruwa. A irin wannan dutse mai yakan ci gaba da tsiyaya ta jikin bango shekara da shekaru, har abin da ya rage ya zama kaɗan. Gwaje-gwajen Jadhunandan da Morrow na 1995 sun nuna an fi samun mai daga dutsen da yake kusa da tsaka-tsaki, ya ɗan karkata ga ruwa. Ashe ɗan asfaltin da ya shafi bango tun zamanin dā yana iya zama alheri. Wanda ya zube da yawa a kusa da rijiya saboda gaggawarmu shi ne masifa.

Rigakafi da magani

In rijiya ta toshe, akan jiƙa ta da zailin ko toluwin su narkar da abin da ya daskare, ko a fasa dutsen da ruwa mai ƙarfi don a tsallake wurin da ya lalace. Zailin da toluwin suna da tsada, suna kama wuta, suna cutar da ma'aikaci, kuma bayan watanni toshewar takan dawo muddin dalilinta yana nan. Akan kuma zura siririn bututu har gindin rijiya a riƙa ɗiga magungunan da ke hana gudajin kama juna. Tun shekarun 1990 bincike ya nuna cewa tura ruwa mai ƙarancin gishiri yana iya mai da waɗansu duwatsun yashi ga son ruwa, a sami ƙarin mai.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma yana da matakai sanannu. A ɗebo samfurin mai daga gindin rijiya a cikin kwalbar ƙarfe da ke riƙe matsinsa, domin samfurin da aka ɗiba a baki ya riga ya zubar da abin da ake nema. A rage masa matsi sannu a hankali a ɗakin gwaji ana haska shi, a ga matakin da gudaji ya fara fita. A tsara ɗiban mai yadda matsin taska ba zai sauka ƙasa da wannan mataki ba, ko da za a fara tura ruwa tun da wuri. Kada a tura gas ko asid sai an gwada shi da man wannan taska. Guntun dutsen da za a yi gwaji da shi kuma, in an wanke shi, a mai da masa ruwansa da mansa a bar shi makonni cikin zafin taska, don ya koma halinsa na asali. In ba haka ba, duk lissafin da aka gina a kansa na dutse ne mai son ruwa wanda babu shi a ƙasa.

Kammalawa

Ɗanyen man yankin Neja Delta yawancinsa tsinkakke ne mai ƙarancin asfaltin, kuma kaki ya fi damun rijiyoyinsa. Shi ya sa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, aka tsara wani sashenta don sarrafa ɗanyen mai mai nauyi da ake sayowa daga waje, a sami kwalta da man inji. Amma labarin Hassi Mas'ud ya koya mana cewa ƙarancin asfaltin ba shi ne tabbacin lafiya ba. Kowace taska da halinta, kuma ba a sanin halin sai an auna.

Ga ma'aikatan gwamnati da takardun tsarin raya filin mai za su bi ta teburinsu, ga tambayoyi uku da ya kamata su yi kafin sa hannu. An auna matakin da asfaltin yake fita, kuma da wane irin samfuri? Yaya za a riƙe matsin taskar? An gwada jiƙuwar dutsen a halinsa na asali? Kamfani yana iya gaggautawa ya kwashe mai sauƙin fita ya mai da kuɗinsa ya tafi, amma man da aka tsare a ƙasa saboda gaggawa asarar ƙasa ce da 'ya'yanta. Ga ɗalibai kuwa, kun ga wannan fage ya haɗa ilmin haɗa sinadarai, da na duwatsu, da lissafi, kuma wanda ya ƙware a ɗaya ya jahilci sauran ba zai gane abin da ya sami rijiyarsa ba.